Al-Biruni, malamin da ya auno alƙiblar Ghazna

An haifi Abu Raihan Al-Biruni a shekarar 973 a yankin Khwarazm, cikin Uzbekistan ta yau. Bayan Sarki Mahmud ya ci yankin da yaƙi a 1017, aka tafi da shi Ghazna, a Afganistan.

A can ya duƙufa kan batun alƙibla. A ce Makka tana yamma bai wadatar da mai gina masallaci ba. Abin nema shi ne kusurwar da mutum zai karkata daga layin da ya miƙe kudu da arewa. Tunda duniya mulmulalla ce, shimfiɗaɗɗiyar taswira tana ruɗi, dole a san matsayin kowane gari. Nisan gari kudu ko arewa, tsayin rana kan bayyana shi. Na gabas da yamma ne mai wuya. Tun a 997 shi da Abul Wafa, ɗaya a Kath ɗaya a Bagadaza, suka lura da husufin wata guda, bambancin lokacin ya nuna tazarar garuruwansu.

Ya tattara lissafin a littafinsa Tahdid, wanda ya kammala a 1025. Ya rasu a Ghazna wajen 1050.