Tarihin marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata

An haifi Alhassan Ɗantata a garin Bebeji na ƙasar Kano a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa, fataken da suka yi fice wajen safarar goro.

Kakansa Baba Talatin daga ƙasar Katsina ya taso da iyalinsa ya zauna a Madobi. Mahaifinsa Abdullahi kuma ya koma Bebeji, wadda ke kan hanyar ayarin Gwanja.

Yana ƙarami mahaifin ya rasu, mahaifiyarsa kuma ta tafi Ankara, babban birnin Ghana na yau. Wata baiwa mai suna Tata ce ta rene shi, daga sunanta ne kuma laƙabinsa ya samo asali. Ya yi almajiranci, yana ɗan saye da sayarwa domin ya riƙe kansa.

A lokacin basasar Kano da ta ɓarke a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, an kama shi tare da wasu 'yan'uwansa, sai da aka biya fansa suka kuɓuta.

Daga nan ya kama fataucin goro gadan-gadan. Yana cikin Hausawan farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Ghana zuwa Ikko, maimakon tafiyar watanni da jakuna.

Zuwan gyaɗa

Isowar jirgin ƙasa Kano ta sauya komai. Daga 1912 kamfanonin Turawa suka buɗe ido kan gyaɗa, amma ba su san manoma ba, manoma ma ba su san su ba. A 1918 kamfanin Niger Company ya ɗauki Ɗantata a matsayin mai saya masa, nan ne kuma tarbiyyar fatauci ta yi masa rana.

Yakan ba yaransa da dillalai jari, galibi bisa amana da sanayya, su bazu ƙauyuka. Su kuma su ba manomi bashi tun da damina, ya biya da gyaɗa idan kaka ta yi. Wanda ya cika alkawari a ƙara masa jari baɗi, har wasu suka tsaya da ƙafafunsu suka zama attajirai. Kuɗin ba a hannun mutum ɗaya ya tsaya ba: masu jakuna da raƙuma, 'yan dako da masu ɗinkin buhu duk sun ci abinci a ciki.

Sai dai tsarin yana da nasa nauyi. Manomin da ya ci bashi kafin girbi ba shi da bakin neman farashi mai tsoka, kuma ba a Kano ake yanke farashin ba, a kasuwannin Turai ne. Abin da za a iya cewa shi ne, kaso mai yawa na ribar dillanci ya zauna a gida, a zamanin da Turawa da Kwarori suka mamaye harkar.

Zuwa farkon shekarun 1920 ya zarce manyan attajiran Kano irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo. Da bankin Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano a 1929, an ruwaito cewa ya kai ajiyar kuɗin azurfa lodin raƙuma 20. Duk da haka an san shi da tsimi da sauƙin rayuwa, yana kuma ɗaukar nauyin malamai da mahajjata.

Rasuwarsa

Da ciwo ya tsananta a 1955, ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya da su zauna tsintsiya maɗaurinki ɗaya, kada su wargaza kamfanin. Ya rasu ranar 17 ga watan Agusta na shekarar, aka binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari.

Daga cikin 'ya'yansa akwai Sanusi da Aminu, wanda ya rasu a 2025. Aliko Ɗangote kuwa tattaɓa-kunnensa ne ta wajen mahaifiyarsa, Hajiya Mariya Sanusi Ɗantata.