Gwamna Lugga da Iyakar Aro

Duk wanda ya tashi a ƙasar Zazzau ya ji labarin Gwamna Lugga, wanda sojansa suka shiga Zariya a 1902, aka tuɓe Sarki Kwasau. Amma kaɗan daga cikinmu suka san abin da ya tarar a gefen ƙasar Sin.

An haifi Frederick Lugard a Madras ta ƙasar Indiya ran 22 ga Janairu, 1858. A 1894 ya yi tsere da Faransawa zuwa Nikki ta ƙasar Borgu, ya riga su ƙulla alkawari, amma da manya suka zauna a Faris cikin Yuni 1898 sai Nikki ta faɗa rabon Faransa. Aka yi ta gyaran iyakar har 1906, Katsina ta zauna hannun Ingilishi, Maraɗi hannun Faransa.

Cikin wannan wata na Yuni 1898 ne kuma Ingilishi suka karɓi aron ƙasar da ke arewa da tsibirin Hong Kong daga Sarkin Sin, na shekara 99, daga baya aka sa iyaka a kogin Sham Chun. Da Lugga ya zama Gwamnan Hong Kong a 1907, sai ya ga mulkinsa rabi mallaka ne, rabi aro. Hanyar jirgin ƙasa da ake ginawa zuwa Kanton ma ta cikin ƙasar aron ta bi, kuma sai da aka daɗe ana ja-in-ja da hukumomin Sin kan yadda za a tafiyar da ita.

Saboda haka ya kawo shawara a mayar wa Sin da Weihaiwei, wata tashar jiragen ruwa da Ingilishi suke riƙe da ita, su kuwa su bar ƙasar aron har abada. Hukuma a Landan ba ta ɗauka ba. Ya kafa jami'a a can, ya komo Nijeriya a 1912, ya haɗa Arewa da Kudu a 1914. Ya mutu a Ingila ran 11 ga Afrilu, 1945.

Zanen aro dai ba ya rufe katara. A 1997 wa'adi ya cika, Hong Kong duka ta koma hannun Sin. Iyakarmu kuwa ba a yanka mata wa'adi ba, ga ta nan har yau tsakanin Bakatsine da ɗan'uwansa na Maraɗi.