Marigayiya Likita Cicely Williams, Wadda Ta Gano Ciwon Kwashiyoko

Duk uwar da ta ga ɗanta ya kumbura ƙafa da fuska bayan yaye, gashinsa ya yi ja, fatarsa tana saɓulewa, ya kamata ta san sunan wannan baiwar Allah. An haifi Cicely Williams a tsibirin Jamaika ran 2 ga Disamba, 1893. Ta yi karatun likita a Okusfod ta ƙasar Ingila, ta gama a 1923, a zamanin da da ƙyar ake ba mace aikin likita.

A cikin 1929 aka aika da ita Gwalkwas, wato Gana ta yau, ta kama aiki a asibitin yara na Ankara. Nan ta tarar da yara suna ta mutuwa da wannan kumburi. Maimakon ta tsaya kan littattafan Turai, sai ta zauna da iyaye mata da kakanni tana tambayarsu. Daga bakinsu ta ji sunan ciwon da harshen Ga, kwashiyoko, watau ciwon da ke kama yaro in an yi masa ƙane an ture shi daga nono. Ta lura kusan duk yaran kokon masara kaɗai suke sha. To, jama'a, ku dubi abin da yaranmu ke karyawa da shi a Sabo ta Ibadan ko Agege, ku ga ko da bambanci.

Ta bayyana abin da ta gani a 1933, ta sa wa ciwon sunansa a 1935. Sai wani babban likita a Landan, Hugh Stannus, ya ce sam, wannan ciwon felagara ne, wanda rashin wani bitamin ke kawowa. Ita kuwa ta tsaya kan cewa ciwo ne dabam, domin ta ga madara tana tashin yaran da aka kawo da wuri. Daga baya duniya ta bi bayanta. A yau likitoci na haɗa duka biyu: madara ta musamman ko tunkuzar gyaɗa mai gina jiki, tare da bitamin da sauran sinadarai.

A 1936 aka mayar da ita Malaya. A Singafo, cikin 1939, ta tsaya gaban manyan 'yan kasuwa ta ce tallar madarar gwangwani ga jarirai kisan kai ne. Da Japanawa suka ci garin a 1942 suka tsare ta a kurkukun Changi, inda ita kanta ta kamu da beriberi, ciwon rashin bitamin B1, har tafin ƙafarta ya mutu, bai sake jin taɓi sosai ba.

A 1948 ta zama shugabar farko ta sashen lafiyar uwa da yaro a Hukumar Lafiya ta Duniya. Ta rasu a Okusfod ran 13 ga Yuli, 1992, tana da shekara 98.