Louis Braille: Yaron da Malamai Suka Ƙi Yanke wa Ƙauna

Idan ka taɓa ganin wasu ƙananan ɗigogi masu tudu a jikin kwalin magani, to ka ga aikin wani yaro ɗan shekara 15. Sunansa Louis Braille. Kafin ka wuce wannan shafi zuwa wani bidiyon, ka tsaya ka ji yadda malamai suka kusa binne baiwarsa, da yadda wasu malaman suka tsaya masa.

An haife shi ranar 4 ga Janairun 1809 a ƙauyen Coupvray, gabas da birnin Paris na Faransa. Mahaifinsa baduku ne, mai ɗinka linzami da kayan doki. Yana ɗan shekara uku ya ɗauki basilla a shagon uban yana wasa, ta soke shi a ido. Ciwon ya harbi ɗaya idon, kafin ya cika shekara biyar duniya ta yi masa duhu.

A zamanin nan, ɗan talaka makaho a Faransa yawanci bara ce ke jiransa. Ka san wannan labarin, don kana ganinsa a bakin titunanmu. Amma limamin cocin ƙauyen, Jacques Palluy, ya ga yaron yana da kai. Ya fara koya masa da kansa, ya sa aka karɓe shi a makarantar ƙauye tare da masu gani, sannan ya taimaka ya samu gurbi a makarantar makafi ta Paris a 1819.

A can ma abin ba sauƙi. Littattafan ƙalilan ne, manya-manya, an buga haruffan boko da tudu don a shafa da yatsa. Karatun na tafiyar hawainiya, kuma ɗalibi ba ya iya rubuta nasa. A 1821 aka kawo wa makarantar tsarin wani tsohon hafsan soja, Charles Barbier, mai ɗigo har 12 a kowane gida. Louis ya lura gidan ya fi ƙarfin kan yatsa ɗaya. Ya yi ta gwaji har 1824, ya mayar da ɗigon shida kacal, waɗanda ke ba da alamomi 63. Ya wallafa tsarin a 1829, har da hanyar rubuta kiɗa.

To ga inda malami ke da tasiri. Shugaban makarantar na lokacin, Pignier, ya bar ɗalibai su yi amfani da tsarin, Louis kuma ya zama malami a nan, yana koyar da lissafi da tarihi, yana kuma kaɗa ogan a cocin Paris. Amma da Dufau ya karɓi shugabanci a 1840, sai ya hana rubutun. Malamai masu gani da yawa ba su iya karanta shi ba, sun fi son haruffan da idonsu ya saba da su. Ɗaliban suka ci gaba da koya wa juna a ɓoye, har daga baya aka sassauta. Tarin fuka ya kashe Louis ranar 6 ga Janairun 1852, yana ɗan shekara 43. Sai a 1854 makarantarsa ta amince da rubutun a hukumance.

Wani tsohon ɗalibin makarantar, Claude Montal, makaho shi ma, ya koyi gyaran sautin piyano, ya kai ga ƙera piyano da kansa. Bayansa wannan aiki ya zama sana'ar makafi da dama a Turai. Ka ga ke nan, abin da ake cewa makaho ba zai iya ba, sau da yawa ba a taɓa ba shi dama ya gwada ba ne.

Shi ya sa horar da malamai yake da muhimmanci. Malamin da bai iya Braille ba, bai san akwai manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke fuskar waya ko kwamfuta ba, in ɗalibi ya tambaye shi me zai zama gobe, saƙar tabarma kaɗai zai ambata masa. Wanda aka horar kuwa zai fara tambayar yaron abin da yake so, ya duba inda ya fi ƙarfi, sannan ya nuna masa hanyar zama lauya, malami, ɗan jarida ko mai shirya manhaja.

A Najeriya akwai makarantar makafi a Gindiri ta jihar Filato tun 1953, akwai kuma kwalejin horar da malaman ilimi na musamman a Oyo. Idan kana neman fannin da za ka karanta, kina tunanin koyarwa, ku duba wannan. In kuma akwai yaro mai lalurar gani a gidanku ko unguwarku, ka tambaye shi yau abin da yake son ya zama, ka saurari amsarsa har ƙarshe.