Labuwaziye, mai awon iska

Ko ka san ana iya raba ruwa gida biyu? Wani Bafaranshe, Antuwan Labuwaziye, shi ya nuna ma duniya haka.

An haife shi a birnin Pari, a Faransa, a shekara ta 1743. Ubansa lauya ne mai hali. Shi ma ya yi karatun shari'a, amma hankalinsa yana ga binciken abubuwa. A 1771 ya auri Mari-An. Ita ce mai rubuta sakamakon aikinsa, tana zana kayan aikin, tana juya mishi littattafan Ingilishi.

Babban makaminsa sikeli ne. Komi zai gasa, sai ya auna shi kafin ya sa wuta, ya sake aunawa bayan ya sauke.

A 1774 wani masani na Ingila, Firistili, ya zo Pari. Ya ba shi labarin wani jan gari da ke fid da iska in an gasa shi. Labuwaziye ya ɗauki zaiba, wannan ƙarfe mai gudu kamar ruwa, ya rufe ta cikin kwalba tare da iska. Kwana 12 tana bisa wuta. Sai jan gari ya fito bisa zaibar, iskar kwalba kuwa ta ragu. Wadda ta saura, in an sa kyandir ciki sai ya mutu.

Sai ya kwashe jan garin, ya ƙara mishi wuta sosai. Garin ya rabu biyu: ga zaiba ta komo, ga kuma iskar da ta ɓace. Cikin wannan iska kyandir yana ci bal-bal. Ya raɗa mata suna oksijan. Ita ce jikinka ke buƙata in ka ja numfashi, ita ce ke sa wutar murhu ta ci.

Ka gani ke nan, zafi yana iya raba abu guda ya zama abu biyu. Haka ake yi a Malbaza wajen yin siminti: in an gasa farin dutse, iska ta fita, farar ƙasa ta saura.

A 1785, gaban masana, ya bi da ruwa cikin bakin bindiga da aka gasa ya yi ja. Ƙarfen ya kama oksijan, wata iska marar nauyi ta fito, ita ce idirojan. Ashe ruwa haɗin abu biyu ne. Awonsa ya tabbatar da cewa nauyi ba ya ɓacewa: abin da ya shiga, shi ke fita, kama kawai ya sake.

Amma fa ina ya samu kuɗin wannan aiki? Yana cikin attajiran da ke karɓar ma sarki haraji, suna cin riba. Talakawa sun ƙi jininsu. Juyin mulki ya zo a 1789, daga baya aka kama su. Ranar 8 ga Mayu 1794 aka fille mishi kai, tare da surukinsa da wasu mutum 26. Shekarunsa 50.

Iliminsa bai cece shi daga fushin talakawa ba. Amma har yau, duk ɗan makarantar da ke koyon kimiyya, da awon Labuwaziye yake farawa.