Roger Revelle: Masanin da Ya Gano Iyakar Cikin Teku

An haifi Roger Revelle ranar 7 ga Maris, 1909, a birnin Siyatil na ƙasar Amurka. Da farko ilimin duwatsu da ƙasa ya karanta, daga baya ya koma binciken teku a cibiyar Scripps da ke jihar Kalifoniya. Ya sami digirin digirgir a 1936, ya yi aiki da sojojin ruwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sannan ya dawo ya shugabanci cibiyar har zuwa 1964.

A zamaninsa, masana da yawa ba su damu da hayaƙin gawayin kwal da man fetur ba. A ganinsu, teku yana da girman da zai shanye iskar kabon da ke cikin hayaƙin, komai yawanta. Revelle bai tsaya ga zato ba, ya zauna ya yi lissafi. A 1957, shi da abokin aikinsa Hans Suess suka fitar da sakamakon bincikensu. Sun nuna cewa ruwan teku yana shan iskar, amma sinadaran da ke cikinsa ba sa barinsa ya riƙe ta duka. Kaso mai yawa yana zama a sararin sama, inda yake tare zafi kamar bargo.

Da yake magana ba ta isa ba sai da awo, Revelle ya ɗauki wani matashin masani, Charles Keeling, aiki a Scripps. A 1958 Keeling ya fara auna iskar kabon a kan dutsen Mauna Loa da ke tsibirin Hawai. A lokacin ta kai kusan 315 cikin miliyan ɗaya na iska. Yau ta haura 420, kuma har yanzu ana ci gaba da awon. A 1965 Revelle ya jagoranci masanan da suka rubuta wa Shugaba Lyndon Johnson gargaɗi kan wannan iska.

Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da maganarsa. Teku yana shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na iskar kabon da mutane ke fitarwa. Abin da ya sha kuma yana ƙara wa ruwan tsami, wanda ke wahalar da murjani da sauran halittu masu ɓawo, alhali miliyoyin masunta da teku suka dogara.

Revelle ya koyar a jami'ar Habad, inda Al Gore ya zama ɗalibinsa. Ya rasu ranar 15 ga Yuli, 1991, yana da shekara 82.

'Yan uwa ɗalibai, kowa ya yarda da wata magana ba hujja ba ce cewa gaskiya ce. Idan mun shiga ɗakin gwaje-gwaje, mu auna tukuna, sannan mu yi magana.