Abdullahin Gwandu: Malamin da ya bar fagen yaƙi ya rubuta wa Kano tsarin zaman lafiya

A shekarar 1807, ana tsaka da jihadi, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya fice daga rundunar da ta nufi Alƙalawa, ya kama hanyar gabas da niyyar aikin Hajji. Ba tsoro ya kore shi ba. Shi ne ya jagoranci jama'a a Tabkin Kwatto a 1804, da shi kuma aka ci Birnin Kebbi a 1805. Abin da ya dame shi shi ne yadda ya ga wasu abokan tafiya sun koma neman dukiya da dawakai da muƙamai, an fara mantawa da abin da aka fito dominsa.

An haife shi wajajen 1766, ƙane ne ga Shehu Usmanu, kuma ɗalibinsa. Tafiyar tasa ba ta wuce Kano ba. Mutanen birnin, waɗanda ba su daɗe da karɓar mulki ba, suka roƙe shi ya tsaya ya nuna musu yadda ake riƙon gari. A nan ya karantar da tafsiri, ya kuma rubuta Diya'ul Hukkam.

Littafin ya tsaya a kan abin da har yau ke ci wa biranenmu tuwo a ƙwarya. Dole shugaba ya naɗa alƙalai da masu tsaron gari da mai kula da kasuwa, ya kuma sa musu ido, domin mai riƙe da sanda shi ma yakan zama abin tsoro. Ya raba tsakanin siyasa ta adalci, wadda ke ƙwato wa mai haƙƙi haƙƙinsa ta hana ɓarna, da siyasa ta zalunci wadda shari'a ta haramta. Ya ɗauko da yawa daga nasihar da Shaihu Maghili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa fiye da shekara 300 kafin nan, wato ya mayar wa Kanawa abin da tun asali dominsu aka rubuta. Yana da wani littafin daban a kan hisba, Diya'u Ahlil Ihtisab, wanda ya kamata hukumomin Hisba na yau su riƙa buɗewa.

Daga Kano ya juyo gida. A 1812 Shehu ya damƙa masa yammacin daula, ƙasar da a yau garuruwa irin su Dodoru da Kalgo ke cikinta. Bayan rasuwar Shehu a 1817 aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a ba tare da shi ba, kuma abin ya yi masa zafi. Duk da haka bai zare takobi ba, ya koma Gwandu. A ganina wannan haƙurin ya fi duk nasarorinsa na yaƙi, domin da ya ja daga, da Sakkwato da Gwandu sun sha jini.

Tawayen Kalambaina ne ya sake haɗa su. Bello ya kawo masa ɗauki, bayan nasara kuma Abdullahi ya yi wa ɗan wansa mubaya'a.

Sauran rayuwarsa ya ƙarar da ita a karantarwa da rubutu, ya bar wa 'ya'yansa yawancin harkokin mulki. Ya rasu a 1829, kabarinsa yana Gwandu, ɗansa Muhammadu ya gaje shi.